SAYEN WAYAR SALULA: DUBA KAFIN KA BIYA

 

In kaka ta yi, an ɗaure hatsi, an casa wake an kai kasuwa, kuɗi sukan ɗan zauna a hannu. Lokacin ne masu wayoyi suke baza hajarsu, kowace waya tana walƙiya. Lokacin ne kuma mutane da yawa suke zubar da guminsu na damina ɗaya cikin minti goma.

Wani manomi daga wani ƙauye na wajen Kore Mairuwa ya ba mu labarinsa. Ya sayar da wake buhu biyu, yana son babbar waya don ya riƙa jin muryar ɗansa da ke ci-rani. A bakin tasha wani saurayi ya tare shi da waya mai kyau, ya ce sauri yake yi, mota za ta tashi, a ba shi rabin kuɗinta. Manomin ya ga araha, ya biya. Da ya isa gida ya kunna, sai wayar ta tsaya a shafi ɗaya, tana neman suna da kalmar sirri na mai ita na farko. Mai gyara ya duba, ya ce masa a kulle take, kuma da alama ta sata ce. Saurayi ya ɓace, wake ya tafi. Abin da ya fi damun mutumin, in ji shi, shi ne san nomansa sai da ya yi kasuwa uku yana dubawa kafin ya saya, amma waya ko kunna ta bai yi ba.

To, kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci ka fito da takardar shaida, ke ma da kika fito, kuna da makamin da wannan ciniki yake bukata. Kun iya karanta lamba, kun iya karanta rubutu, kun iya sa hannu. Ga yadda za ka yi aiki da su.

WAYA KAYAN AIKI CE

A 2001 wayar salula ta fara bazuwa a Nijar. Wata malama da ta taɓa koyarwa a jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda waya ta shiga, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: wanda ya ji farashin tiya a Birnin Ƙonni da Yamai kafin ya ɗaura kaya, da wuya a yi masa sayen wulaƙanci.

A 2009 da 2010 kuma an yi wani gwaji a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, tare da ƙungiyar CRS. A wasu azuzuwan yaƙi da jahilci an haɗa da koyon aiki da ƙaramar waya, a wasu ba a haɗa ba. Waɗanda suka koyi rubuta saƙo da waya sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Ke nan waya tana taimakon karatunka don kada ya zube.

Ga kuma ƙungiyar RECA, mai haɗa majalisun manoma na ƙasa, wadda take amsa tambayoyin manoma da Hausa ta waya da ta WhatsApp. Mai lambun dankalin turawa ko tumatir a Dogon Dutsi yana iya ɗaukar hoton ganyen da ya kamu da ciwo ya aika, a ba shi shawara. Abin da zai yi maka wannan aiki, ai ya cancanci a duba shi kamar yadda ake duba sa ko kura.

WACE IRI KAKE BUKATA?

Tun kana gida za ka yanke wannan shawara. In ka bari sai ka je gaban mai kanti, shi zai yanke maka.

Akwai ƙaramar waya mai madanni. Tana kira, tana aika saƙo, tana da tocila, da yawa suna kama rediyo. Batirinta yana kwanaki, kuma tana jure ƙura da faɗuwa. In bukatarka gaisuwa ce da tambayar farashi da karɓar kuɗi, ta ishe ka. Amma ka sani, yawancinsu ba su ɗaukar WhatsApp.

Akwai babbar waya ta shafawa. Ita ce mai hoto da saƙon murya da intanet. Tana da tsada, gilashinta yana fashewa, kuma kusan kullum tana son caji. Ka tambayi kanka: a garinmu ina zan yi caji? Nawa mai caji yake karɓa? Ina da farantin hasken rana? Nawa zan iya sa wa na intanet a wata? Waya kamar doki ce, sayenta daban, ciyar da ita daban.

HANYOYI UKU DA WAYA KE MAGANA BA TARE DA IGIYA BA

Mai sayarwa zai ce maka wayarsa tana kama komai. Kafin ka yarda, ka san abubuwa uku, don kowanne aikinsa daban.

Na farko shi ne rezo, wato layin kamfani da ke zuwa daga dogon ƙarfen da kake gani a bakin gari. Sunayen kamfanonin kun san su: Airtel, wanda ya fara da sunan Celtel, Moov Africa, Zamani, wanda da can Orange ne, da Niger Telecoms. Rezo hawa-hawa ne. 2G na kira ne da saƙo. 3G yana kawo intanet. 4G ya fi sauri. A saman gilashin waya, kusa da sandunan rezo, za ka ga harafi. In ka ga E, intanet ɗin mai tafiyar kunkuru ne. In ka ga H ko H+, 3G ne. In ka ga 4G ko LTE, ka samu mai sauri. Amma waya ba ta ƙirƙirar rezo. Ko ta fi kowace tsada, abin da ƙarfen garinku yake bayarwa shi za ta kama. Saboda haka ka tambayi maƙwabtanka wane layi ne ya fi kamawa a ƙauyenku, kuma wane harafi suke gani.

Na biyu an rubuta shi Wi-Fi a cikin waya, alamarsa kamar mafici. Shi intanet ne na kusa, da ake ɗauka daga wani ɗan akwati a ofis ko makaranta, ko daga wayar wani da ya buɗe maka tasa. Ba ya nisa, in ka bar gidan ya yanke. Kada wani ya ruɗe ka cewa waya mai Wi-Fi tana ba da intanet kyauta a daji. Dole akwai wanda ya biya.

Na uku an rubuta shi Bluetooth. Da shi waya take miƙa wa waya hoto ko karatu ko waƙa, ko ta haɗu da lasifika, in tazararsu ba ta wuce kamar taku goma ba. Ba ya cin kuɗi, kuma ba ya bukatar rezo.

Mutanen bakin iyaka, ku ƙara da wannan: wani lokaci waya takan saki rezon gida ta kama na Najeriya. Ku riƙa karanta sunan kamfanin da ya fito a saman gilashi kafin ku kira, don kuɗin kira yana iya canzawa.

A WURIN WA ZA KA SAYA?

Ka saya a wurin wanda in ka koma gobe za ka same shi. Mai kanti ko mai rumfa da aka sani, wanda yake da suna da zai ji tsoron ɓatawa, ya fi mai yawo da waya a aljihu, ko da ya ɗan fi tsada. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ka zaga kanti uku ka tambayi kuɗin waya iri ɗaya, ka rubuta a takarda. In ka je na huɗu aka ce rabin wannan kuɗi, to akwai magana. Araha ba ta ado.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da wanda ya daɗe yana riƙe da irin wayar, ya zama idonka, ya zama shaidarka. Kuma ka yi cinikin da rana, a zaune. Duk mai cewa yi maza mota za ta tashi, ka bar shi ya bi motarsa.

Akwai masu sa hoton waya a Facebook ko WhatsApp su ce a turo kuɗi a aiko da ita. Wannan cinikin biri a sama ne. Kada ka aika ko dala ɗaya ga wanda ba ka sani ba. In ɗan uwanka da ke Yamai ko Sakkwato ko Kwatano ne zai sayo maka, ka karanta masa gwaje-gwajen nan, ya yi su a can kafin ya biya, ya haɗo maka da kwali da takarda.

GWAJI TAKWAS KAFIN KUƊI SU BAR ALJIHUNKA

1. Karanta suna harafi-harafi. Tecno, itel, Infinix, Samsung da Nokia sunaye ne da aka sani, shi ya sa masu jabu suke kwaikwayonsu. Sukan canza harafi ɗaya ko su ƙara ɗaya, suna fatan mai saye bai iya karatu ba. Kai ka iya. Sunan da ke kan kwali, da na bayan waya, da wanda yake fitowa in an kunna ta, su zama ɗaya.

2. Duba lambar waya. Kowace waya tana da lambarta ta haihuwa mai suna IMEI, lambobi 15 a jere. Ka danna *#06# kamar za ka yi kira. Ba ya cin ko sisi. Lambar za ta fito a gilashi. In wayar mai layi biyu ce, lamba biyu za ka gani. Ka gwada ta da wadda aka buga a jikin kwali, da wadda ke ƙarƙashin batir in irin mai buɗewa ce. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. In sun saɓa, ko an kankare, ko sifili kaɗai ya fito, ajiye ta.

3. Sa layinka. Wasu wayoyin da ake kawowa daga ƙasashen waje an ɗaure su da kamfanin can, ba su karɓar layinmu. Ka sa naka, ka kira abokin tafiyarka, shi ma ya kira ka. Kana jin sa sarai? Shi ma yana jin ka? In gidan layi biyu ne, ka gwada kowanne.

4. Gwada hanyoyin nan uku. Ka kunna intanet ka ga harafin da ya fito. Abokinka ya buɗe maka Wi-Fi na wayarsa ka ga ko ta kama. Ya turo maka hoto ta Bluetooth. Wanda ya ƙi aiki a kanti ba zai yi aiki a gida ba.

5. Duba gilashi da madanni. Ka ja yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ka ga ko akwai inda ba ya amsawa. Ka rubuta sunanka da sunan garinku. Ka ɗauki hoto da idon gaba da na baya. Ka ɗauki muryarka ka saurara. Ka fita da ita rana ka ga ko rubutu yana karantuwa, don a gona ba inuwar kanti.

6. Duba batir da caji. A jona ta a gabanka ka ga lambar caji tana hawa. In sai an karkata igiya take ɗauka, bakin cajin ya lalace. Ƙarfin batir ana rubuta shi da lamba da haruffan mAh. Mai 5000 ya fi mai 3000 daɗewa. Batirin da ya kumbura, ko wayar da bayanta ya tasa, ko mai zafi tun ba a yi komai da ita ba, ka guje su, suna iya kamawa da wuta.

7. Duba rumbunta. Waya tana da rumbu inda take ajiye hoto da saƙo, ana auna shi da GB. Mai 64 ta fi mai 32 ɗauka. Ka shiga alamar da ta yi kama da haƙoran inji, inda aka rubuta Paramètres in wayar da Faransanci take, ka karanta abin da ta faɗa, ka gwada da na kwali. Jabu takan yi ƙaryar babban rumbu, shi ya sa gwaji na ɗaya da na biyu suke gaba.

8. A sa abin da ka saye ta dominsa. In don WhatsApp kake so, a sa shi a buɗe a gabanka. Kamfanin yakan daina aiki a tsofaffin wayoyi lokaci-lokaci, don haka tsohuwa ƙwarai tana iya barinka a hanya.

Mai kanti na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan gwaje-gwaje. Wanda ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

IN TA HANNU CE

Ba laifi ba ne sayen wayar da wani ya riƙe, amma dubawarta ta fi yawa. Ka yi gwaji takwas ɗin nan duka, ka ƙara da uku.

Ka tambayi asalinta. Ina kwalinta? Ina takardar da aka saye ta? Me ya sa ake sayarwa? A dokar ƙasa, wanda ya karɓi kaya yana sane na sata ne ya yi laifi. Ko ba ka sani ba, da lambar nan ta IMEI ana iya bin sawun waya, kuma a hannun wanda aka same ta shi zai fara amsa tambayar jandarma. Ka rasa waya, ka rasa kuɗi, ga zirga-zirga ana tsakiyar aikin gona.

Mai ita ya cire kansa daga cikinta a gabanka. Babbar waya tana ɗaure da sunan mai ita a Google. In an goge ta ba tare da an fara cire wannan suna ba, za ta tashi tana nemansa, kamar yadda ya faru da mutumin Kore Mairuwa. Saboda haka ya cire sunansa, ya cire zanen kulle ko lambar kulle, sannan a goge komai a mai da ita kamar sabuwa. Ka jira ta tashi, ka shiga har ciki da hannunka. Sai a yi maganar kuɗi.

Ka duba ko ta sha ruwa ko ta sha gyara. A cikin wayoyi da yawa akwai ɗan farin tambari kusa da batir ko gidan layi. In ya koma ja, ruwa ya taɓa shiga. Ka duba ƙananan kusoshinta ko sun sha kwancewa, da gefen gilashi ko akwai alamar gam.

TAKARDA ITA CE SHAIDARKA

In an sayi gona ana rubutawa. Waya ma a rubuta. Ka sa mai kanti ya ba ka takarda mai ɗauke da waɗannan: ranar ciniki, sunansa da na kantinsa, sunanka, sunan waya, lambar IMEI, kuɗin da ka biya, da kwana ko wata nawa ya yarda ya gyara ko ya canza in ta ƙi aiki, wato garanti. Ya sa hannu ko hatimi. In bai iya rubutu ba, kai ka rubuta, ya dangwala yatsa, shaidarka ya sa hannu. Ka karanta kafin ka tashi, musamman lambar. Kuma ku yi maganar kuɗin a fili, jika nawa, sefa ko naira, don kada a yi musu daga baya.

Ka ajiye takardar da kwalin a gida, cikin akwatin da kake ajiye takardun haihuwa. Ka kuma rubuta lambar IMEI a littafinka na aji. Ranar da waya ta ɓata ko aka sace, da ita za ka kai ƙara.

LAYI DA SUNANKA

Doka ta ce kowane layi a yi masa rajista da sunan mai shi. Hukuma ba wasa take yi ba: a 2013 an rufe layuka fiye da miliyan ɗaya a Nijar saboda rashin rajista. Hukumar da ke kula da kamfanonin waya yanzu ita ce ARCEP. Ka je wurin wakilin kamfani da katinka na ɗan ƙasa, a rubuta sunanka. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. In ya ɓata ba za a sake ba ka shi ba, kuma in akwai kuɗi a ciki sun shiga rigima. Haka nan kada ka ba da katinka a buɗe wa baƙo layi, don duk abin da ya aikata da shi, sunanka za a gani.

Da ka isa gida, ka sa wa wayar lambar kulle. Kada ka sa 1234, kada ka sa shekarar haihuwarka. In mai kanti ne ya buɗe maka suna a Google, ka canza kalmar sirrin, ka rubuta ta ka ɓoye. Lambar sirri ta asusun kuɗinka, da lambobi shida da WhatsApp yake aikowa ta saƙo, naka ne kai kaɗai. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, ka ci kyauta, ka faɗa masa lamba ko ka fara turo wani abu, ɓarawo ne. Kashe wayarka.

Abu na ƙarshe mai daɗi: babbar waya tana iya rubuta Hausa da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ka sa wanda ya iya ya zaɓa maka Hausa a allon rubutu. Saƙo ɗaya a rana ya isa ya riƙe maka hannu.

AIKIN WANNAN MAKO

Ku karanta wannan takarda a dandali, ko wurin sauraren rediyo, ko a taron ƙungiyar mata, don waɗanda ba su shiga aji ba su ji. Kowa ya fito da wayarsa ya danna *#06#, ya kwafe lambar a littafi, na kusa da shi ya duba ko ya kwafa daidai. Wanda ya saba yi a gida ba zai ji kunyar yi a kasuwa ba. In kuma ranar kasuwa ka ga maƙwabcinka zai miƙa kuɗin wakensa bai kunna waya ba, ka matsa kusa ka taya shi karantawa.

Wanda yake da tambaya, ko wani abu makamancin wannan ya taɓa samunsa, ya rubuto mana da hannunsa, za mu amsa a shirin manoma. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu damina lafiya.